Rinin Cikin Tanki

Ranar kasuwar shanu a Ballybay,
yayyafi tun asuba, irin mai barin riga ya jiƙa ƙashi.
Muka tsaya bakin hanya,
ni da siririn tiyo da kwalba,
kamar ma'aikaciyar jinya mai neman jijiya.

Aikina ba ya da wuyar faɗi:
in zura tiyo a tanki, in zuƙo, in ɗaga wa haske.
In ya fito garau, ruwan zuma tsinkakke,
a sauka lafiya.
In ya fito kore,
a kashe inji, akwai magana.

Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya,
jirgi guda ya sauke su a tasha.
Warinsu ɗaya, gurnaninsu ɗaya,
inji ba ya da ido balle ya zaɓi launi.
Sai dai wannan ya biya wa kwalta haƙƙinta cif,
wancan an yi masa rangwame don ya sha taɓo,
ya ja garma, ya yanki ciyawa,
ya kwashe taki kafin ruwa ya sauko.
Aka ɗiga masa rini, zanen gado a kumatu:
a gona ɗan halak ne,
ya taka titi ya zama ɓarawo.

Ba a makarantar kwastan na koyi wannan ba.
Tankuna biyu ne a bayan garken babana,
ya rubuta wa ɗaya GONA da farin fenti,
ɗayan bai rubuta masa komai ba,
don kullum shi ne ke ƙarewa.

Wajen ƙarfe goma sai ga tsohuwar jif,
tana jan 'yan maruƙa biyu a keji.
Tun kafin gilashi ya sauka na gane hular.
Malachy Treanor,
wanda ya koya mini riƙe ɗan rago a ba shi nono.
Ya ce, Dervla 'yar Cathal, ke ce a nan?
Na ce, ni ce. A buɗe mini murfi.

Na ɗaga kwalba.
Ba kore shar ba,
kore-kore, kamar ruwan da aka wanke latas.
Rinin da ya kwana biyu,
an zuba fari a kansa sau goma, bai haƙura ba.

Bai yi rantsuwa ba, bai ce yaro ne ya yi kuskure ba.
Ya ce, watan Janairu ne,
daren da ƙanƙara ta rufe hanyar Monaghan.
Nuala ta dafe ƙirji,
allurar mai tana ƙasa,
gidan mai ya rufe tun takwas.
Jarka ɗaya na ɗiba a tankin gona.
Ta kai mu asibiti.

Na san sauran.
Ina cikin masu tafiya bayan akwatin a watan Maris.

Abokin aikina na tsaye da littafi a buɗe,
ruwa na ɗiga a kan takarda.
Doka ba ta da gurbin rubuta ƙanƙara,
akwai na lamba, na kwanan wata, na launi.
Na cike su.
Hannuna bai yi rawa ba, shi ya fi ba ni haushi.

Ya sa hannu, ya dubi kwalbar da kyau,
kamar mai duban hoton da aka tsinto a aljihu.
Ya ce, ashe har yanzu yana ciki.
Na ce, ba ya saurin fita.
Ya ce, haka ne, ba ya yi.

Maruƙan suka yi kuka, ya tayar da jif,
ta tashi bugu ɗaya, lafiya lau,
da man da bai san ya yi laifi ba.

Da dare na wanke hannu sau uku da sabulu.
Fari ne ko kore, ban iya bambancewa ba,
warin dai yana nan.